Filin da Manya Ke Kwashe Kayansu Su Bar Wa Yara

Da zarar watan Agusta ya kama, 'yan wasan ƙungiyar Hanshin Tigers sukan tattara komatsansu su bar gida. Ƙwararru ne masu ɗaukar albashi mai tsoka, ƙungiyarsu tana cikin waɗanda suka fi yawan magoya baya a ƙasar Japan, kuma a wannan lokaci kakar wasa ta yi nisa, kowace nasara tsada gare ta. Duk da haka sai su yi kimanin mako uku suna gararamba daga wannan birni zuwa wancan, suna kwana a otal, saboda filinsu na Koshiyen, mai cin mutum dubu 47, ya koma hannun 'yan makarantar sakandare. Tsofaffin magoya bayan Tigers suna kiran wannan balaguro "tafiyar mutuwa", don a shekarun baya ƙungiyar takan fita da ƙarfinta ta dawo a galabaice. Tun da aka buɗe rufaffen filin Osaka a 1997 wahalar ta ragu, sukan raɓa can su karɓi baƙi. Amma har yau ba a yi wanda ya isa ya ce yaran su matsa ba.

A Amurka, mahaifar wasan besbol, ana yi wa 'yan makaranta irin wannan karamci, sai dai na yini guda ne. Makarantun gwamnati na birnin Los Angeles sun fi shekara hamsin suna buga wasansu na ƙarshe a filin Dodgers, na New York ma sun sha yin nasu a filin Yankees. Yaro ya taka ciyawar da gwanayensa ke takawa, ya ga sunansa a ƙaton allo, iyaye da 'yan ajinsu su cika wani ɗan ɓangare na kujerun, a ɗauki hoto, kashegari masu gida su dawo. Baƙo ne aka shimfiɗa wa tabarma. A Japan kuwa yaran ne masu gida, ƙwararrun su ne suka zo daga baya.

Ga wanda bai saba da besbol ba, ga yadda yake a taƙaice. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum tara. Mai jifa yana tsayawa a kan wani ɗan tudu a tsakiyar fili, ya wurga ƙwallo mai tauri, kamar girman lemon zaƙi, zuwa ga abokinsa da ke tsugune mita 18 da 'yan kai daga inda yake. Ɗan ɗaya ɓangaren yana tsaye a gaban na tsugunen da kulki a hannu, yana neman ya make ƙwallon. In ya same ta sai ya sheƙa da gudu ya bi zango uku da aka jera, ya dawo inda ya tashi, dawowar nan ita ce maki ɗaya. In aka fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu duka su koma tsaro. Kowane ɓangare ya yi nasa dukan, turmi ɗaya ke nan, wasa kuma turmi tara ne, babu ruwansa da agogo. Abin da mai karatu zai riƙe shi ne, mafi yawan nauyin wasan yana kan kafaɗa da gwiwar hannun mutum ɗaya, wato mai jifa. Za mu dawo kan wannan hannu.

Wani malami Ba'amurke mai suna Horace Wilson ne ya koya wa ɗalibansa wasan a Tokiyo wajen 1872, kuma ya yi fiye da shekara sittin yana wasan ɗalibai kafin a kafa gasar ƙwararru a 1936. A 1915 jaridar Asahi ta shirya gasar makarantu ta ƙasa baki ɗaya, makaranta goma suka kara a Toyonaka kusa da Osaka, wata makarantar Kiyoto ta ɗauki tutar zakara. Cikin 'yan shekaru jama'a suka fi ƙarfin wurin da ake yi. A 1923, a filin Naruo, 'yan kallo suka tumbatsa har cikin fili, sai da aka tsayar da wasa. Ganin haka kamfanin jirgin ƙasa na Hanshin ya zaɓi wani tsohon kwarin kogi da aka cike a garin Nishinomiya, tsakanin Osaka da Kobe, ya gina makeken fili cikin ƙasa da wata biyar, aka buɗe ranar 1 ga Agusta 1924. Shekarar ta dace da farkon zagayen shekara sittin na tsohuwar kalandar Sin, wadda ake kira Koshi, ana kuma ganinta a matsayin shekara mai albarka, daga nan filin ya samo suna. Babe Ruth, sarkin masu duka na Amurka, ya buga wasa a cikinsa a 1934. Tigers kuwa sai a ƙarshen 1935 aka kafa ta. Yara sun riga ta shiga gidan da shekara goma sha ɗaya.

Hanyar zuwa Koshiyen ƙunci gare ta. A watan Yuli ƙungiyoyin makarantu fiye da dubu uku suke fara karawa a lardunan Japan 47, kowane lardi ya fitar da zakara ɗaya, Tokiyo da Hokkaido su fitar da bibbiyu saboda girmansu. Makaranta 49 ke nan. Daga wasan farko na ƙauye har na ƙarshe a Koshiyen, sili ɗaya ƙwale ne: an doke ka sau ɗaya, ka gama. Ga ɗan ajin ƙarshe, wanda ya shafe shekara biyu da rabi yana atisaye safe da yamma, rana da sanyi, faɗuwa ɗaya ita ce rufe littafin, kuma yawancinsu ba za su sake sa rigar wasa a gaban jama'a ba. Manyan makarantu sukan tara 'yan wasa fiye da ɗari, amma mutum 20 kaɗai ake rubutawa. Sauran suna can saman tsaunin kujerun da ake kira Alps, cikin rana, tare da 'yan badujala da iyaye da tsofaffin ɗalibai da suka kwana a mota suka zo, suna rera waƙa ga abokan da suka sha gabansu. Ni a wurina waɗannan da ba a zaɓa ba, waɗanda muryarsu ke dushewa saboda wanda ya karɓe musu gurbi, suna cikin abin da ya fi taɓa zuciya a gasar.

Gidan talabijin na ƙasa, NHK, yana nuna kowane wasa kai tsaye daga na farko har na ƙarshe. Gasar tana faɗowa daidai da hutun Obon, lokacin da mutanen birni ke komawa garuruwansu su ziyarci kaburburan iyaye, saboda haka dangi sukan haɗu a gaban akwatin talabijin kowa na goyon bayan lardin da aka binne cibiyarsa. A 2018, da aka yi gasa ta ɗari, 'yan kallon da suka shiga filin sun haura miliyan ɗaya. Jiniya ce ke buɗe wasa, ita ke rufe shi. Yaran su jeru su rusuna wa juna, su rusuna wa alƙalai, waɗanda su ma 'yan sa-kai ne masu wasu sana'o'in. Wanda aka fitar ya koma mazauninsa da gudu. In an tashi, waɗanda suka ci su tsaya a layi a rera taken makarantarsu ana ɗaga tutarta.

Waɗanda aka ci kuma sai su durƙusa.

Wannan shi ne hoton da kowane Bajafane ya sani. Yara 'yan shekara goma sha bakwai, fuska sharkaf da hawaye da gumi, gwiwa a ƙasa a gaban mazauninsu, suna kwasar ƙasar filin da hannu biyu suna zubawa a jakar takalmi. Ƙasar baƙa ce, haɗin baƙin turɓaya da ake kawowa daga wurare irin su Kagoshima da kuma yashi, ma'aikatan kamfanin Hanshin Engei masu kula da filin su ke auna haɗin: a ɗaya gasar makarantun da ake yi a filin a watan Maris, wadda jaridar Mainichi ke ɗaukar nauyi, sukan ƙara yashi saboda ruwan sama, a ta Agusta kuma su ƙara baƙar ƙasa don a riƙa ganin farar ƙwallo. Wani yaron ya kai tasa ya watsa a filin makarantarsu don ƙannensa su taka, wani ya zuba a kwalba ya ajiye har tsufa.

A 1958 wannan 'yar ƙasa ta zama maganar siyasa. A shekarar ne makarantar Shuri ta zama ta farko daga tsibirin Okinawa da ta zo gasar Agusta. Okinawa tana hannun Amurka tun ƙarshen yaƙin duniya na biyu, sai da yaran suka riƙe takardun tafiya kamar masu fita waje. An cire su a wasan farko, suka kwashi ƙasarsu kamar kowa, suka hau jirgin ruwa. Da suka iso tashar Naha sai jami'an kula da cututtukan tsirrai suka ce wannan ƙasar waje ce, doka ta hana shigo da ita, aka karɓe aka zuba a teku. Labarin ya girgiza Japan. Wasu ma'aikatan jirgin sama mata suka tsinto duwatsu daga Koshiyen, tun da dokar ba ta hau kan dutse ba, suka aika wa makarantar, har yau kuma duwatsun suna nan liƙe a jikin wani ginin tunawa a harabarta. Okinawa ta koma hannun Japan a 1972. A 2010 makarantar Konan ta tsibirin ta haɗa tutar Maris da ta Agusta a shekara guda.

Yaƙin ya bar wa filin wani tabon. Kowace ranar 15 ga Agusta, ranar da Japan ta miƙa wuya a 1945, in sha biyun rana ta yi akan dakatar da wasa, jiniya ta yi kuka, dubban mutane su sunkuyar da kai na minti ɗaya. Ba a yi gasar ba daga 1941 zuwa 1945. An kwance rufin ƙarfen filin an kai wa masu ƙera makamai, bayan yaƙi kuma sojojin Amurka suka karɓe shi na wani lokaci. Seiichi Shima, wanda a 1939 ya buga wasa biyar ba a ci shi ko maki ɗaya ba, ya mutu a teku a 1945. Eiji Sawamura, wanda ya taka Koshiyen yana ɗalibi, ya kuma fitar da Babe Ruth yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya nutse da jirgin sojoji a 1944.

Yanzu mu koma kan hannun mai jifa, don a nan ne ƙaunar da ake yi wa gasar take cin naman yaran. A manyan ƙungiyoyin Amurka, ƙato mai shekara talatin in ya yi jifa ɗari akan sauke shi, ya huta kwana huɗu ko biyar. A Agustan 1998 Daisuke Matsuzaka na makarantar Yokohama ya yi jifa 148 a wasa ɗaya, washegari ya yi 250 a turmi goma sha bakwai da makarantar PL Gakuen, washegari ya shigo ya rufe wasan kusa da na ƙarshe, a wasan ƙarshe kuma ya hana abokan karawarsa samun ko bugu ɗaya mai kyau. Japan ta ɗauke shi a kai. Daga baya ya tafi Boston ya ci kofin gasar ƙwararrun Amurka a 2007, a 2011 aka yi masa aikin gwiwar hannu, bai kuma sake komawa yadda yake ba. A 2006 Yuki Saito na makarantar Waseda Jitsugyo ya yi jifa 948 a gasa ɗaya, ciki har da wasan ƙarshe da aka tashi kunnen doki bayan turmi goma sha biyar aka sake bugawa washegari. Ciwon kafaɗa da na gwiwar hannu sun bi shi har ya yi ritaya.

Mutanen Japan ba mugunta ce ta sa suke tafa wa irin wannan ba. Tun farkonsa wasan ya shiga makarantunsu ne a matsayin tarbiyya, hanyar koyon haƙuri da juriya da ba da kai ga jama'a, kuma yaron da ya ƙi sauka daga tudu alhali hannunsa na zogi, a idonsu ya nuna halin da suke fata ga 'ya'yansu. Dubi Kanaashi Nogyo a 2018. Makarantar koyon noma ce ta gwamnati a lardin Akita, can arewa mai dusar ƙanƙara, 'yan wasanta duk 'yan lardin ne, ba ta da kuɗin zawarcin yara daga wasu garuruwa kamar manyan makarantun kuɗi. Mutum tara kacal su suka buga tun daga wasannin lardi har ƙarshe, ba canji. Suka yi ta kayar da manya har suka kai wasan ƙarshe, abin da wata makarantar Akita ba ta yi ba tun 1915. Ƙasa duka ta koma bayansu. Mai jifansu, Kosei Yoshida, ya yi jifa 881 a Koshiyen kaɗai, a wasan ƙarshe ƙafafunsa suka gaza, Osaka Toin ta lallasa su da ci 13 da 2. Wane ne zai kalli wannan labari bai ji daɗinsa ba? Wane ne kuma, in ɗansa ne a kan tudun, zai yarda a bar shi?

Shekara ɗaya bayan haka wani koci ya amsa tambayar a aikace. Roki Sasaki, yaron da ya rasa mahaifinsa da kakanninsa a ambaliyar teku ta 2011, yana jifa mai gudun kilomita 163 a awa a ƙaramar makarantar gwamnati ta Ofunato. Ya kai su wasan ƙarshe na lardin Iwate, saura nasara ɗaya su ga Koshiyen, rabon garin da hakan shekara talatin da biyar. Kwana kaɗan kafin nan ya yi jifa 194 a wasa guda, jajibirin ranar ma ya buga cikakken wasa. Kocinsa, Yohei Kokubo, ya zaunar da shi, ya ce gudun rauni yake yi masa. Aka ci Ofunato 12 da 2. Wayoyin zagi suka yi ta shigowa makarantar, tsofaffin 'yan wasa suka yi ca a talabijin, wasu kuma irin su fitaccen mai jifa Yu Darvish suka tsaya wa kocin. Makarantar da ta doke su, Hanamaki Higashi, ita ce ta yaye tauraron besbol Shohei Ohtani, wanda shi ma sau biyu ya je Koshiyen bai ci wasa ko ɗaya ba. A watan Afrilun 2022 Sasaki ya fitar da mutum 27 a jere ba wanda ya taka zangon farko, abin da ba a gani ba a gasar ƙwararrun Japan cikin shekara 28, a 2025 kuma ya koma Dodgers.

A ganina Kokubo ya yi daidai, kuma na faɗi haka ina sane da abin da ya jawo. Akwai yara a wannan ƙungiya da ba za su taɓa zuwa Dodgers ba, waɗanda wannan yammacin shi ne damarsu ɗaya tilo ta kwasar baƙar ƙasa, aka kuma yanke hukunci a kansu ba da shawararsu ba. Rashinsu rashi ne na gaske. Sai dai yaro ɗan shekara goma sha bakwai ba zai taɓa cewa a sauke shi ba, ga abokansa suna kallonsa, ga gari duka a bayansa. Dole wani babba ya ɗauki laifin a madadinsa. Abin takaicin shi ne an bar wa mutum ɗaya wannan kaya, alhali hukumar gasar ce ya kamata ta ɗauke shi da doka tun tuni.

Dokar ta zo, a makare kuma a sassauce. Daga 2020 an hana mai jifa wuce jifa 500 cikin mako ɗaya, adadin da likitoci da yawa ke ganin ya yi yawa har yanzu. An ƙara ranakun hutu, an kawo tsarin gaggauta raba gardama don kada a sake yin turmi goma sha bakwai. Zafi ma ya tilasta nasa gyaran, domin Agustan Osaka yakan haura digiri 35 ga gumi mai naso: daga 2023 ana tsayawa na wasu mintuna bayan turmi na biyar yara su sha iska, a 2024 kuma aka fara raba wasu ranakun gida biyu, safe da yamma, a bar tsakar rana. Duk lokacin da aka kawo shawarar mayar da gasar rufaffen fili mai na'urar sanyaya wuri, amsar da ke fitowa daga bakin 'yan wasa da masu horar da su ita ce Koshiyen suke so.

Wasu tsofaffin al'adun ma sun fara sakin jiki. An saba ganin kowane ɗan wasa da ƙwalƙwal, sai ga makarantar Keio ta ɗauki tuta a 2023 da yara masu suma, karo na farko tun 1916, kocinsu kuma malamin firamare ne mai cewa a bar yara su yi tunani su ji daɗin wasa. A 2024 tuta ta tafi wata makarantar Kiyoto da 'yan asalin Koriya suka kafa, aka rera takenta da harshen Koriya a gidan talabijin na ƙasa. A 2016 jami'ai sun fitar da wata ɗaliba daga fili saboda ta shiga taya ƙungiyar makarantarsu atisaye. Bayan shekara biyar, a Agustan 2021, 'yan mata suka buga nasu wasan ƙarshe a kan wannan ƙasa. Akwai kuma abin da ya ƙi mutuwa, wato dukan ƙanana da manyan ɗalibai ke yi a ɗakunan kwana da sunan ladabtarwa. Shi ya taimaka wajen durƙusar da ƙungiyar PL Gakuen, mai tuta bakwai, har ta rufe a 2016, shi ne kuma ya sa makarantar Koryo ta Hiroshima ta janye ana tsakiyar gasa a 2025.

A 2020 annobar korona ta hana gasar gaba ɗaya, ta Maris da ta Agusta. 'Yan ajin ƙarshe na wannan shekara ba su samu ko damar neman tutar ba. A watan Yuni, kafin a buɗe kakar ƙwararru, kocin Tigers na lokacin, Akihiro Yano, ya fito da 'yan wasansa cikin filin da babu kowa a kujerunsa. Suka durƙusa a inda yaran suka saba durƙusawa, suka kwashi ƙasa da hannuwansu suka cika jakunkuna. Aka ɗura ta kaɗan-kaɗan a cikin 'yan ƙananan maratayan makulli masu siffar ƙwallo, aka aika wa 'yan wasan ajin ƙarshe kimanin dubu hamsin a makarantun Japan, kowa ɗaya.